Inda Na Kai da Zanen Dagi a Wannan Zangon

'Yan uwa masu koyon zane, barkanmu da war haka. Tun da aka koma makaranta na jingine zanen motoci, na koma kan dagi da adon bango irin na cikin birnin Zazzau. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Safiya ta boko ce, bayan la'asar kuma Islamiyya, don haka ba ni da lokacin zane sai yammacin Alhamis da Juma'a, ko bayan isha idan fitila tana da caji.

Ga yadda nake fitar da dagi yanzu. Da farko ina jera ɗigo-ɗigo da rula, tazararsu ɗaya, da fensir HB, ba tare da na danna ba. Sai in ja layi biyu a jere su zagaye ɗigon, kamar igiya mai faɗi. Duk sirrin yana wurin da igiyar ke haɗuwa da kanta: idan ta bi ta sama a wannan mahaɗa, dole ta bi ta ƙasa a ta gaba, haka har ta dawo inda ta faro. In aka tsallake ko da ɗaya, ido zai gane tun daga nesa. Ina goge layin da ya shige ƙasa, sannan in sa masa duhu da fensir 4B mai baƙi sosai daidai bakin mahaɗar, in murza da ɗan auduga. Wannan ɗan duhun shi ke sa dagin ya taso daga takarda.

Malaminmu na zane ne ya ce in daina kwafa daga waya, in je in kalli gini da idona. Yayana ya raka ni ƙofar fadar Sarkin Zazzau da hantsi. Adon da ke tasowa daga jikin bango yana da inuwarsa, kuma inuwar tana matsawa yadda rana ke ɗagawa, abin da hoto ba ya nunawa. Nan kusa ne Masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara. Wallahi idan na tuna ba shi da rula irin tawa, sai in ji kasala ta sake ni.

Baba bai hana ni ba, sharaɗinsa biyu ne: kada hadda ta yi baya, kuma in bar zana masu rai. Gini da zanko da dagi sun ishe ni aiki.

Burina in karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. A nan Zariya ne, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu, suna cewa mai zane ya ɗebo daga al'adar gidansu. To ni adon gidanmu yana jikin bangon unguwa.

Abin da ya rage mini shi ne kala. Kore da ja suna cinye inuwar da na sha wahalar sawa, don haka mako mai zuwa zan gwada tsarma su da ruwa sosai a kan farin kwali. Wanda ya taɓa gwadawa a cikinku, don Allah ya faɗa mini ko kwalin yana kumbura.