Daga Tudun Wada zuwa bakin Kogin Lu'ulu'u

Mutanenmu na Zariya masu zuwa ƙasar Sin sarin kaya, akasarinsu gari guda suka sani, wato Gwanzu, a cikin Gwanzun ma unguwa guda, Shiyawbe. Jirgi ya sauke mutum a filin Baiyun, ya kama ɗaki a otal, ya yi 'yan kwanaki yana hawa da sauka a benayen kasuwa, ya ci shinkafa da miya a gidan abincin 'yan Afirka, ya biya kuɗin lodi, ya juyo gida. In ka tambaye shi yaya Caina, labarin Shiyawbe zai ba ka. Ni ma ta wannan ƙofar na shiga, ina riƙe wa Baffana jaka, shi da yake da shagon kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari. Daga baya wani kamfanin dakon kaya da muke lodi a wurinsa ya nemi wanda yake jin Hausa, saboda yawan 'yan Arewa da 'yan Nijar da ke hulɗa da su. Suka yi mini takardun aiki, 'yan shekaru kafin annobar korona. Da haka zuwa ya koma zama.

Kuɗin haya ne ya fitar da ni daga Gwanzu. Abokan aiki suka ce in duba Foshan, garin da ke maƙwabtaka da ita ta yamma, domin tun 2010 akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa garuruwan biyu, mutum zai kwana can ya yi aiki nan ba tare da wahala ba. Na samu ɗaki biyu da falo a yankin Nanhai. Sai da na koma can na fara fahimtar inda nake zaune.

Ɗan Zariya ya san Galma, ya san Kubanni da ke ratsa Samaru, ya san yadda suke ja da baya da rani har yara su tsallaka da ƙafa a wasu wuraren. Wannan sanin bai shirya ni ga abin da na tarar ba. Manyan koguna uku ne, ɗaya daga yamma, ɗaya daga arewa, ɗaya daga gabas, suke gangarowa lardin Gwandon, su rarrabu zuwa rassa ba adadi kafin su faɗa teku ta bakuna takwas. Gabaɗayansu ake kira Kogin Lu'ulu'u. Duk inda ka nufa sai ka hau gada, kuma in ka leƙa ƙasa za ka ga jiragen dako shaƙe da yashi, ko siminti, ko kwantenoni, suna bin juna dare da rana zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha. A ƙauyukan Shunde, wani yanki na Foshan, har yanzu akwai tafkunan kiwon kifi jere da juna, da gonakin ayaba da na kayan lambu a kan gaɓarsu, masana'anta kuma tana tsaye a bayansu. Ƙidayar 2020 ta ba Gwanzu mutum sama da miliyan 18, Foshan sama da miliyan 9, amma a ido ba za ka iya cewa ga inda wannan gari ya ƙare ga inda wancan ya fara ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, kuma shi nake so matasanmu su gane, shi ne yadda garuruwan suka raba sana'a a tsakaninsu, kamar yadda tsofaffin biranenmu suke da unguwar maƙera daban, ta marina daban, ta dukawa daban. Foshan ita ce uwar tayil da kayan banɗaki. Lecong, cikin yankin Shunde, kujeru ne da gadaje, shaguna a jere tsawon kilomitoci a gefen titi guda. A Shunde ɗin dai kamfanin Midea yake, masu firji da fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Gujen, a ƙarƙashin birnin Zongshan, fitilu kawai suke yi. Humen ta Dongwan tufafi. Shenzen kuwa, wadda aka ware a 1980 zamanin Deng Xiaoping ta zama yankin kasuwanci na musamman, ita ce gidan wayoyi da kayan laturoni. Tecno da Itel da Infinix da ke aljihun rabin mutanen unguwar PZ ta Zariya duk na kamfani guda ne, Transsion, kuma hedikwatarsa na can. Daga tashar kudancin Gwanzu zuwa Shenzen kusan minti 30 ne a jirgin ƙasa mai gudu. Kayan da ake sayarwa a benayen Shiyawbe daga waɗannan garuruwan aka kwaso su, an ɗora riba sau ɗaya ko sau biyu kafin su iso hannun baƙo. Mai zuwa na mako biyu ba shi da lokacin bin su ɗaya bayan ɗaya. Mazauni yana da shi, kuma wannan ne kaɗai jarin da yake da shi wanda Alhazan da ke aiko shi ba su da shi.

A Gujen na ga abin da ya canza yadda nake jin maganar "ɗan Caina ne, ba ya ƙarko". Baffa ya aiko in nemo masa fitilun sola, irin na ratayawa a tsakar gida. Mai masana'antar ya zaunar da ni, ya zuba shayi a 'yan ƙananan kofuna kamar yadda suke yi wa kowane baƙo, sannan ya sa aka kawo fitila uku ya jera a kan tebur. Launi ɗaya, girma ɗaya, kwali ɗaya. Ya ɗauki sukundireba ya kwance bayansu. Ta farko batura cike da gidansu. Ta biyu rabi. Ta uku ɗan batir guda ne a tsakiya, sauran wurin fanko. Ya rubuta farashi uku a kan kalkuleta, ya turo mini, ya ce in zaɓa, abin da zan so a buga a jikin kwali kuma ni zan faɗa. Na kira Baffa, a lokacin ƙarfe uku na rana a wurinmu, takwas na safe a Zariya, don awa bakwai ce tsakani.

"Baffa, barka da asuba. Ga su iri uku, ta ƙarshen ba za ta kai tsakar dare ba."

"To ita maƙwabtana suke kawowa ke nan. Ɗauko mana ta tsakiya, kuma a rubuta gaskiyar abin da ke ciki. Ni a garin nan za a yi mini sallah."

Tun daga ranar nake gaya wa duk mai zagin kayan Sin cewa ya raba laifin gida biyu. Akwai masana'antun da ke ha'inci, za su nuna maka samfuri mai kyau su loda maka wani, shi ya sa ba na biyan cikon kuɗi sai na je sito na farke kwalaye da hannuna, na tsakiya da na ƙasa, ban da waɗanda aka tura mini gaba. Amma sau da yawa namu ne ya je ya ce a rage, a ƙara ragewa, a bar rubutun yadda yake. Matar da ta tara kuɗin adashi ta sayi fitilar a Tudun Wada don 'ya'yanta su yi karatu da dare, ita ce ke biyan wannan ragin. Abin yana ci mini rai, domin na san gidajen da kayan nan suke shiga.

Akwai kuma kalandar wurin, wadda duk mai son kayan Sallah dole ya haddace. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ma'aikata su watse zuwa garuruwansu, masana'antu su rufe makonni. Babban baje kolin Gwanzu, wanda ake yi tun 1957, yana zuwa sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, otal-otal su yi tsada. Kwantena kuma in ta bar Nansha sai ta haura wata guda a ruwa kafin ta ga Legas, kafin a zo maganar kwastan da hanyar Kaduna. Wanda ya ba da kafin alƙalami a makare, kayan Sallarsa sai bayan Sallah.

Zaman yau da kullum ya zo mini da sauƙi ta wani fannin. Wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa, da manhajar waya ta WeChat ko Alipay ake biyan komai har kuɗin albasa a kasuwar unguwa. Kuɓewa ɗanya tana nan, da gyaɗa, da dankali, da rake. Kuka da daddawa da yaji ne sai an kawo daga gida. Kilishi kuwa kada ma a fara, dokarsu ta hana shigo da nama a jaka. Nama sai na halal, kuma shagunan taliyar Musulmin arewa maso yammacin ƙasar, masu koren allo a ƙofa, suna kusan kowace unguwa, su ne suka riƙe ni kafin iyalina su iso. Abin da ya ba ni wuya shi ne laima. Wajen watan Maris akwai kwanakin da bango ke zufa, madubi ya rufe, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Babbar rigata mai aska takwas, ɗinkin hannu na cikin birni wadda na yi aure da ita, na buɗe kwaba na tarar fumfuna ta bi wuyanta. Mutumin da ya tashi cikin hunturun Zariya, inda leɓe ke tsagewa don bushewa, bai taɓa tunanin kaya za su ruɓe a rataye ba. Da damina kuma ga guguwar teku, a rufe makarantu, a tsayar da jirage.

Juma'a ranar aiki ce, don haka sai da na roƙi izini a ofis. Nakan je masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu a Gwanzu, inda mutanen garin suke cewa kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake. Malaminmu na Zariya da na ba shi labari ya ce abin da ke cikin littattafai shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne sahabin, kuma maganarsa na riƙe. Duk da haka Musulunci ya daɗe a bakin kogin nan: masallacin Huaisheng, mai hasumiya ta kusan mita 36, yana cikin mafiya tsufa a ƙasar, fataken Larabawa da Farisa ne suka biyo ruwa suka kawo addinin. Bayan sallama za ka ji Hausar Kano, da ta Maraɗi, da ta Kumasi, ga masu gasa naman rago a waje. A nan ake jin wa ya zo, wa ya tafi, wa aka kama.

Maganar kamu ita ce gaskiyar da ba a faɗa wa yara a majalisa. Baƙon da ba a otal ya sauka ba, doka ta ce ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Wanda ya bari bizarsa ta ƙare, tarar yuwan 500 ce kowace rana har ta kai 10,000, ko a tsare shi, kuma ana iya mayar da shi gida. Bizar kasuwanci ba ta aiki ba ce. Na san samarin da suka sayar da fili suka zo, biza ta mutu, suka koma ba sa fita sai dare, ba asibiti, ba jirgin ƙasa, domin ko tikiti ba a saya sai da fasfo. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, aka fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a Gwanzu, wasu suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya zauna da jakadan Sin a Abuja kan batun. Ina can. Ni ba a kore ni ba, kuma dalilin tsohuwar da nake haya a gidanta ce. Ba ta jin yaren ƙasa na gama-gari da na koya a aji sosai, nata na Kanton ne, wato yaren mutanen yankin, amma ita ta je ofishin unguwa da kanta ta ce ta san ni, ban je ko'ina ba, ta riƙa ajiye mana kayan lambu a bakin ƙofa. Bayan annobar ta lafa, lokacin bikin tseren kwale-kwale na wata na biyar a kalandarsu, ɗanta ya kai mu Diejiao, inda dogayen jirage masu kan dodo suke shan kwana a cikin 'yan siraran magudanan ruwa, ganga na tashi, mutane cunkus a kan gaɓa. Ya ɗaga ɗana ya ɗora a wuya don ya gani. Duka biyun na gani da idona, kuma ba zan ɓoye ɗaya don in gyara ɗaya ba.

Sai dai komai daɗin hulɗa, zaman na takarda ne. Izinin zamana a rataye yake da aikina. Ranar da kamfani ya ce ya gama da ni, lissafin kwanakina ya fara. Haihuwa a can ba ta ba ɗan baƙi zama ɗan ƙasa, izinin zama na dindindin kuma ba kowa ke samu ba. Makarantun 'ya'yan baƙi sun fi ƙarfin albashina. Yaron ya fara ƙidaya da yarensu kafin ya iya da Hausa, kuma babu Islamiyyar da zan miƙa shi da yamma. Inna ta daɗe tana faɗa a waya: "Ka kawo mini mai sunan Malam ya yi karatu, kai ka je ka yi ta neman kuɗinka." Wannan zuwan da na yi na hutu, na kawo shi. An sa shi firamare da safe, allo da yamma a nan Tudun Wada, kuma mahaifiyarsa ta ce ba za ta bar shi ba, don haka ita ma ta zauna.

Ni zan koma bayan Sallah, ni kaɗai. Izinina na ƙarewa kafin ƙarshen shekara, kamfani ya ce zai nemi a sabunta. Zan saki gidan Nanhai in nemi ɗaki guda kusa da Gujen, tunda yawancin aiken da nake samu yanzu daga Sabon Gari da Kano na sola ne, kuma akwai kwantenar Baffa da nake so ta bar Nansha kafin masana'antu su rufe.