Daren da na goge rajistar dpkg da hannuna

Ina ƙoƙarin samar wa kwamfutata sarari ne, domin Ubuntu, tsarin da kwamfutar ke gudana a kai, ta daɗe tana gargaɗina cewa faifan ya kusa cika. Niyyata in share tsofaffin fayilolin da apt, manhajar sauko da wasu manhajoji da girka su, ke tarawa a /var/cache/apt/archives, amma cikin gaggawa da barci a ido na ba da umarnin gogewa na rm -rf, da cikakken ikon mai gudanarwa na sudo, a kan /var/lib/dpkg. Komai ya ci gaba da aiki lafiya lau, sai da na nemi girka wata manhaja apt ta ce ba ta ga fayil ɗin status ba, nan gabana ya faɗi.

Wannan fayil shi ne rajistar da dpkg, wanda apt ke dogara da shi wajen girki, ke rubuta sunan kowace manhaja da aka girka, da sigarta, da waɗanda ta dogara da su. Manhajojin suna nan daram a faifai, tsarin ne kawai ya manta da su.

Abin da ya cece ni shi ne Debian da sauran tsarukan da suka fito daga gare ta, har da Ubuntu, suna ajiye kwafin wannan rajista kullum a /var/backups, kuma mafi sabo a cikinsu shi ne dpkg.status.0. Na sake ƙirƙirar jakunkunan info, updates, triggers da alternatives, na mayar da kwafin wurinsa da sunan status, sai ga dpkg --get-selections ya jero min manhajojina.

Wahalar tana cikin jakar info, wadda ba a ajiye mata kwafi, alhali a nan ne jerin fayilolin kowace manhaja yake, tare da rubutun da ake gudanarwa lokacin girka ta ko cire ta. Hanyar da ta rage ita ce sake girka komai da apt-get install --reinstall, ina farawa da dpkg da apt kansu. Wannan ya ci data ba kaɗan ba, kuma wanda yake saye da kuɗin aljihunsa ya san zafinsa. Manhajojin da na girka a wannan ranar ba sa cikin kwafin, sai a /var/log/apt/history.log na tsinto sunayensu.

Ban yarda na kashe kwamfutar ba har wajen asuba, lokacin da umarnin bincike na dpkg --audit ya dawo ba tare da ƙorafi ko ɗaya ba.