Kwalbar da na manta a bakin taga

A shekarata ta farko da karatun kimiyyar sinadarai, haddar ƙosassun sinadarai kawai na yi, wato wani dangi na sinadaran da kabon da haidurojin kaɗai suka haɗa su. Na san kowane kabon hannu huɗu gare shi, kuma a wannan dangin kowane hannu na riƙe da abu ɗaya tak, ko wani kabon ko haidurojin, babu mahaɗi mai ninki. Na san lissafin: ka ninka yawan kabon sau biyu, ka ƙara 2, ka samu yawan haidurojin. Shi ya sa mai kabon 6 ke da haidurojin 14. Abin da na ɗauka kuwa shi ne, tunda sun ƙoshi, ba sa motsi, ba ruwansu da kowa. Ai sunan farafin ma, da ake kiran wannan dangin da shi, daga Latin ya fito, ma'anarsa mai ƙarancin cuɗanya.

Ranar gwaji aka ba mu ruwan buromin, mai launin ruwan goro. Na zuba shi a kan mai kabon 6 da haidurojin 12, wato wanda bai ƙoshi ba saboda yana da mahaɗi mai ninki, na girgiza, nan take launin ya ɓace. Na zuba a kan ƙosasshen. Shi wannan ya taso sama kamar mai, ya janye launin zuwa jikinsa, ya tsaya cak. Daidai da littafi. Na ajiye kwalbar a bakin taga na shiga rubutu.

Da na waiwayo bayan wani lokaci, launin ya kode. Raina ya ɓaci, na zaci na gurɓata kwalbar ne, har na yi niyyar zubarwa in rubuta abin da littafi ya ce. Allah ya sa na tambaya.

"Malam, wannan ta lalace ne?"

Bai amsa ba. Ya jiƙa shuɗiyar takardar gwajin asid, ya kara a bakin kwalbar, ta koma ja. Hasken rana ne ya raba ƙwayar buromin gida biyu, ɗaya ta fizge haidurojin daga jikin ƙosasshen suka zama asid, wani buromin ya maye gurbin da aka bari. Ashe ƙoshi na nufin ba wurin ƙari ne, amma musanya tana yiwuwa idan aka samu haske ko zafi.

Washegari na maimaita da kwalba biyu, ɗaya a rana, ɗaya na naɗe ta da baƙar takarda na sa a kabad. Ta kabad ɗin, har aka tashi launinta na nan.