Fijo a garejina da Fijo a fagen tsere

Garejina yana Kaduna, kuma aikinmu ɗaya ne: gyaran ƙafa da birkin Fijo, musamman 504 da 505. Mu shida ne, ni da yara biyar, biyu daga cikinsu sun kusa yaye. Motocin da ake kawo mana yawancinsu sun girmi yaran da ke kwance musu taya. Akwai wagon ta haya, akwai a-kori-kura mai ɗaukar buhunan masara daga ƙauye, akwai kuma ta dattijon da ya ƙi rabuwa da motarsa tun da ya bar aikin gwamnati.

A bangon ɗan ofishina akwai hoton wata 504 tana keta taɓo, an rubuta lamba a ƙofarta, fitilu sun cika mata goshi. Maigidana, wanda ya koya mini aiki, shi ya bar mini shi, Allah ya jiƙansa. Duk sabon yaro sai ya tambaya, "Oga, wannan fa, haya take yi?" Daga nan nake fara ba shi labarin tseren Safari, domin a ganina wanda zai taɓa ƙafar Fijo ya kamata ya san inda aka jarraba ta.

An fara Safari a 1953 a Gabashin Afirka, don bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Ingila. Hanyar ta ratsa Kenya da Uganda da Tanganyika, tafiyar kusan kilomita 5,000, dare da rana, a kan titin da jama'a ke bi, kuma sau da yawa cikin damina. A 1963 mota 84 suka tashi, bakwai kacal suka kai ƙarshe. Ta farko a cikinsu Fijo 404 ce, Nick Nowicki ke tuƙa ta. 404 ta sake cinyewa a 1966 da 1967 a hannun Bert Shankland, sannan a 1968 Nowicki ya maimaita, kuma a wannan shekarar ma mota bakwai ne suka iso. Akwai motocin da suka fi 404 ƙarfin inji a wajen. Sun tsaya a hanya, wata shoka ta fashe, wata ruwa ya shiga injinta, wata taɓo ya riƙe ta har lokaci ya ƙure.

Ita 504 ta ci Safari a 1975 da direba ɗan Sweden, Ove Andersson. A wannan shekarar ta 1975 kuwa aka fara haɗa 504 a masana'antar Fijo da ke Kakuri, nan Kaduna. Ina son wannan dacewar ƙwarai. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da 504, amma mai ƙofa biyu ce mai silinda shida, ba irin wadda muka sani a tasha ba.

Idan na kai nan sai in sa yaro ya shiga ƙarƙashin mota. In ce masa ya ɗora hannu a kan farfela, sandar da ke kai juyin inji zuwa tayun baya. A 504 farfelar tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri wanda ya haɗa giya da baya, don haka dutse ko kututture ba ya samunta kai tsaye, kuma turin da tayun baya ke yi ta cikin bututun yake bi ya isa jikin mota. Sai in ce ya dubi tsawon shoka, ya ga nisan da taya ke iya sauka cikin rami kafin bodi ya ji. Waɗannan su suka sa ta ƙare tsere a Kenya, su ne kuma suka sa ta ɗauki mutum tara da kaya a hanyar Birnin Gwari shekara da shekaru.

Satin da ya wuce wani direban haya ya kawo wagon ɗinsa yana cewa, "Malam, baya take jifa, ko ƙaramin rami na shiga sai fasinja su yi salati." Muka ɗaga ta a jak. Shokar hagu ta zubar da mai har ƙura ta daskare a jikinta kamar an shafa mata laka, bushin kuwa ya tsattsage, da yatsa na ciro ragowarsa. Ya so a canza ta hagun kawai. Na ce masa, "Alhaji, ko biyu ko babu." Sabuwa a gefe ɗaya, matacciya a ɗaya gefen, motar za ta riƙa karkata a kwana, kuma sabuwar ba za ta yi wata uku ba. Ya yi shiru yana lissafi, na rage masa kuɗin aiki, muka sa biyu. Wahalar sana'ar yanzu ita ce kaya. Shoka ta asali ta yi wuya, jabu ta cika kasuwa, kwalinta ya fi na gasken kyau. Ni da kaina nake zuwa kasuwar Panteka, in danna kowace da hannu in ji yadda take dawowa kafin in biya.

Birki ma yana da nasa tarihin. Birkin faifai, wanda muke canza wa fad kullum, ya yi suna ne a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1953, lokacin da Jaguar ta ci da shi. Direbobinta suna iya jinkirta taka birki har su matso kwana sosai, alhali masu birkin ganga dole su fara takawa tun daga nesa saboda zafi na kashe musu shi. Madubin duba baya kuma ana yawan danganta shi da Ray Harroun, wanda ya ci tseren Indianapolis na farko a 1911. A lokacin kowane direba yana ɗaukar makanike a gefensa ya riƙa duba masa baya, shi kuwa ya ɗaura madubi ya tafi shi kaɗai.

Tseren da ya fi kusa da mu shi ne Paris-Dakar. Thierry Sabine ya ƙirƙiro shi bayan ya ɓata a hamada a kan babur a 1977. Na farko ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978 da abin hawa 182, kuma 74 suka isa Dakar. Hanyarsa ta bi ta Agadas da Yamai. Ina da abokin sana'a mutumin Agadas da ke cewa suna yara idan 'yan tsere suka sauka, garin ba ya barci, makanikai na kwana suna sauke giya da fitila a goshi. Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, kuma a hamadar Tenere aka watsa tokarsa. Fijo ta ci Dakar sau huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, uku a hannun Ari Vatanen. Ta 1988 ta kuɓuce masa ne bayan an sace motarsa a Bamako yana kan gaba, sai ɗan tawagarsu ta Fijo, Juha Kankkunen, ya ci. A 1989 kuma shugaban tawagar, Jean Todt, kwabo ya jefa sama don raba gardama tsakanin Vatanen da Jacky Ickx, gudun kada su kashe motocin biyu wajen tsere da juna. Wannan hukuncin bai taɓa kwanta mini ba, ko da yake na san abin da mai mota ke ji idan ya ga ana azabtar da inji.

Ba na ba yara labarin Dakar ba tare da na faɗa musu ɗaya gefen ba. Motocin sun bi ta cikin ƙauyuka da gudun da bai dace ba, sun kaɗe mutane, har da ƙananan yara, kuma sunan waɗanda suka ci kofi ne aka fi riƙewa. An soke tseren 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020.

Ƙaramin yarona a gareji, wanda bai fi wata biyar da zuwa ba, ya tambaye ni ko an taɓa yin tseren da ba wanda ya ci. An yi. Tseren Bandama na Kwaddibuwa a 1972, mota 45 suka tashi, ko ɗaya ba ta ƙare ba. Ya riƙe sifana yana kallon hoton bango, sannan ya ce, "Oga, to makanikansu fa, me suka ce wa masu motocin?" Na ce ya fara ɗaure tayar a-kori-kurar nan tukuna, mai ita zai zo bayan la'asar, kuma ya bi notin a gicciye kamar yadda na nuna masa.