Cocin ƙasa a gindin dutsen Wusasa

Daga tashar Kawo a Kaduna muka tashi da sassafe, hazon hunturu ya lulluɓe gari. Tsakanin Kaduna da Zariya kilomita wajen 80 ne kawai. Muka wuce Rigachikun da Mararrabar Jos da Birnin Yero, muka bar barikin sojoji na Jaji a baya, gonaki hagu da dama an gama girbi sai karan dawa a tsaye. A Ɗan Magaji na sauka, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Wusasa.

Tun ina ƙarami nake jin sunan garin nan a bakin manya, kuma duk Kirista mai sujada da Hausa yana da alaƙa da shi ko bai sani ba. Sai dai wanda ya zo da niyyar ganin ƙasaitaccen gini zai yi mamaki. Cocin Saint Bartholomew da aka gina a 1929 ginin ƙasa ne irin na magina Zazzagawa: bango mai kauri, ga bakan gizo na laka suna tallafe da rufi. Da na sa ƙafa ciki iskar hunturu ta yanke, ƙarar babura ma ta ragu. Wani dattijo da ke kula da wurin ya amsa gaisuwata, ya ce, "Shigo, ɗana, zauna ka huta tukuna, labarin nan ba a jin sa a tsaye."

Labarin ya faro ne daga Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka sani da Likita Mila. Baturen Ingila ne na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angalikan, ya gama karatun likita a ƙasarsu, yana iya zama can ya ci moriyar aikinsa. Maimakon haka sai ya tafi Tarabulus ta Libiya ya koyi Hausa a wurin fatake da mahajjata. A 1900 ya shigo ƙasar Hausa cikin ayarin Bishop Tugwell, suka kai har Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba, suka koma Girku. Sai a 1905 Likita Mila ya sami zama a cikin birnin Zazzau, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta, daga can ne daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa. Shekara da shekaru yana aiki, waɗanda suka karɓi baftisma ba su taka kara sun karya ba. Da awon yau za a auna shi, inda ake ƙirga kujeru da motocin da suka cika farfajiya ranar Lahadi, da an ce aikinsa bai yi albarka ba. Amma shi da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, suka yi ta fama da fassara har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Da littafin nan kakata ta koyi karatu. Daga Filato zuwa kudancin Kaduna, Adamawa, Gombe har Maraɗi, mutane masu harsuna barkatai da shi suka yi sujada tare. Shi kuwa Likita Mila, a Bukuru kusa da Jos ya rasu a 1952.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin Isawa. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai, har ya tara almajirai. An kashe shi a kasuwar Kano bisa wannan koyarwa, mabiyansa suka watse, da yawansu suka nufi duwatsun Ningi. Ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, ba su da Linjila a hannu, suka riƙe ɗan abin da suka sani suna miƙa wa 'ya'yansu. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iso wurin Likita Mila a Zariya. Daga baya aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki da makaranta da wurin sujada. Sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu, ya kashe mutane da yawa, dole aka tashi daga wurin. Cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda zuriyarsu ke Wusasa har yau.

Na tambayi dattijon, "Baba, bayan wannan masifa ba su ce Allah ya yashe su ba?" Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ai ba don a ba su lafiya da dukiya suka bi ba. Da ciniki suka zo yi, da tun a Gimi an watse."

Maganar nan ta zauna mini, domin wa'azin da ya cika kunnuwanmu yanzu na ciniki ne: ka shuka iri a bagade ka girbi mota, ka ninka baiko a ninka maka albashi. Ba na ƙin Kirista ya yi arziki, talauci ba tsarki ba ne, na kuma san zafin rasa kuɗin makarantar yara. Amma Yesu ya ce inda dukiyarka take, can zuciyarka za ta kasance, ya kuma ba da misalin attajirin da ya sayar da duk mallakarsa saboda lu'ulu'u guda ɗaya. Manzo Bulus ya yi wa Filibiyawa addu'a ƙaunarsu ta yalwata da sani da ganewa, don su iya zaɓen abin da ya fi kyau. Ganewar nan ce nake ganin tana mana ƙaranci. Mutanen Gimi sun binne 'ya'yansu, abin da suka bi dominsa kuwa bai ragu a idonsu ba.

Da rana ta ɗaga na zaga gari. Ga asibitin Saint Luke, mata zaune a inuwa da goyo suna jiran layi, masu hijabi da masu ɗankwalin zumunta a benci ɗaya. Ga makarantar tauhidi ta Saint Francis inda ake horar da limaman Angalikan, can gaba kuma duwatsun Kufena. Ɗan ƙaramin garin nan ya fitar da mutanen da Arewa ba za ta manta da su ba. Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda ya kasance cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ɗan wannan al'umma ne. Janar Yakubu Gowon a nan ya tashi, mahaifinsa mai bishara ne daga ƙasar Angas. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shehu Shagari. Mutum mai irin wannan matsayi ya ƙare rayuwarsa a Samaru yana duba marasa lafiya yana wa'azin bishara, har ya rasu a 2005.

A ikilisiyarmu ina cikin kwamitin gini, mun daɗe muna tara kuɗi don a sa tayil da gilasai a sabon ɗakin sujada. A jikin katangar cocin namu akwai gwauraye mata da 'ya'yansu suka bar makaranta saboda kuɗin jarrabawa, sunayensu ma muna da su a littafin zumuntar mata. A motar komawa Kaduna na ciro takarda na rubuta shawarar da zan kai zama na gaba: a dakatar da tayil ɗin bana, a fara biya wa yaran nan kuɗin jarrabawa kafin a rufe rajista. Na san akwai dattawan da ba za su ji daɗinta ba, musamman waɗanda suka riga suka yi alkawarin gilasai da sunan iyalinsu, don haka gidajensu zan fara bi ɗaya bayan ɗaya kafin ranar zaman.