Kafin Ka Sa Farar Riga

Ƙannena masu burin karatun likita, na san kun sha jin cewa maki kaɗai ba ya shigar da mutum, musamman ga mai neman gurbi a Birtaniya, Amurka ko Kanada. Ana so a ga ka taɓa zama kusa da marasa lafiya ko ka yi aikin sa-kai. Haka ne. Sai dai ba a cika faɗa muku abin da ake nema a cikin aikin ba, kuma a nan ni na yi tuntuɓe.

Na ɗauka tarin takardun shaida ake so. Na bi ta hannun wanda ya san wani har aka bar ni ina bin wani likitan fiɗa a wani babban asibiti. Nakan rakuɓe a lungun ɗakin tiyata da takunkumi a fuska, ina leƙe ta bayan kafaɗun mutane, ban fahimci komai ba. Da na karɓi wasiƙa mai hatimi sai na ƙara gaba neman wata. Ranar ganawa wata malama ta ce in ba ta labarin majinyaci ɗaya da ya koya min wani abu. Na shiga jero mata sunayen tiyatar da na gani. Ta bari na gama, ta maimaita tambayar. Ban samu gurbi a shekarar ba.

Abin haushin, amsar tana hannuna. A lokacin nakan je wani gidan kula da tsofaffi a ƙarshen mako, amma ban ko rubuta shi a takardata ba, don ina ganin ba abin a zo a gani ba ne. A can wata ma'aikaciyar jinya ta koya min ciyar da wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki: a zaunar da shi sosai, a ɗebo kaɗan a cokali, a jira maƙogwaronsa ya motsa kafin a ƙara, kada ya shaƙe. Yakan ji nauyi idan abinci ya zubo ta gefen bakinsa. Na lura in na goge masa ina ci gaba da hira kamar ba abin da ya faru, ya fi ci. Irin wannan labarin ne malamar nan ta ranar ganawa take son ji.

Dubi tsarin neman gurbin da kansa. A Amurka, fom ɗin AMCAS, wanda ake cikewa don neman gurbin karatun likita, yana karɓar ayyuka har 15, amma uku kawai za ka zaɓa ka ce su suka fi tasiri a kanka, ka yi bayani. Makarantu da yawa kuma suna amfani da ganawar MMI, wato jerin gajerun ganawa, wadda Jami'ar McMaster ta Kanada ta ƙirƙiro a farkon shekarun 2000: ɗaki bayan ɗaki, 'yan mintuna a kowanne, wani lokaci da wanda aka sa ya kwaikwayi majinyaci mai fushi ko mai kuka. Hatimin babban asibiti ba ya shiga ɗakin nan tare da kai.

Saboda haka ka zauna wuri ɗaya ka daɗe, har mutanen wurin su san ka, su fara ba ka amana. Ka riƙe ɗan littafi, duk ranar da ka dawo ka rubuta abin da ka gani da abin da ya dame ka, domin bayan shekara ba za ka tuna ba. Kada ka rubuta sunan majinyaci, kada ka ɗauki hotonsa, balle ka ɗora a Instagram. Sirrinsa amana ce tun kafin ka zama ɗalibi.

Bin likita yana da amfaninsa, ban hana ka ba. Amma idonka ya bar wuƙar, ya koma kan yadda yake sanar da iyali mugun labari, da tarin rubuce-rubucen da ke jiransa bayan kowa ya tashi. Idan kuma wani ya miƙo maka allura ya ce ka gwada, ka ce a'a. Ba a koya maka ba, kuma masu tantancewa ganganci suke ɗaukar hakan, ba ƙwazo ba.

In ba ka da wanda zai shigar da kai asibiti, kada ka karaya. Akwai Red Cross da Red Crescent, akwai koyar da yara, akwai jinyar ɗan'uwa a gida. Ko aikin albashi inda kake fama da jama'a a tsaye yini guda yana shiga lissafi. Ƙungiyar likitocin iyali ta Birtaniya ma tana da Observe GP, bidiyoyin da ke nuna yadda likitan iyali ke aiki, a intanet, kyauta. Mai neman Birtaniya dai ya sani UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta a can, na rufe karɓar takardun karatun likita a tsakiyar Oktoba, galibi ranar 15, kusan shekara guda kafin a fara karatu, kuma kwasa-kwasan likita huɗu kawai ake zaɓa. Wanda ya fara neman aikin sa-kai a watan Agusta ya makara.