Yadda na bi sawun mujallar Churchman

A shekarata ta ƙarshe a makarantar tauhidi aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Na zaɓi mujallar The Global Anglican, don kwafi biyu na gani a ɗakin karatu, na ɗauka jaririya ce da aka haifa a 2020, aikin mako uku ne kawai. Da na kai wa malamina shafin farko, sai ya ɗora yatsa a kan lambar kundi da ke jikin bango.

"Ɗana, wace jaririya ce ke da kundi sama da ɗari da talatin?"

"Baba, ban lura ba," na ce.

Ashe suna kawai aka sauya. Tun 1879 take fitowa a Ingila da sunan Churchman, muryar ɓangaren 'yan bishara na Ikilisiyar Ingila. Ƙungiyar Church Society ce ke riƙe da ita, ita kuma an kafa ta ne a 1950 da aka haɗe tsofaffin ƙungiyoyi biyu.

Na samu tsofaffin fitowar a intanet, na shiga karanta maƙala ɗaya bayan ɗaya. Wata guda na ɓata a haka, kuɗin data ya ƙare, littafin rubutuna ya cika da gardama kan baftisma da Jibin Ubangiji, amma ban san komai game da mujallar kanta ba. Sai na bar maƙalun, na koma ga sharhin edita da shafin da ake jera sunayen 'yan kwamitin tacewa, shafin da kowa ke tsallakewa. Na ja layi a takarda, kowace shekara da sunayenta.

Da na iso farkon shekarun 1980 sai na ga sunaye sun kau gaba ɗaya. Na bi baya in ga dalili. A 1982 mujallar ta buga rubutun James Dunn, masanin Sabon Alkawari, kan ikon Littafi Mai Tsarki, inda ya ƙalubalanci koyarwar B. B. Warfield, masanin tauhidi ɗan Amurka, cewa Nassi ba shi da kuskure ko a ƙananan bayanai. Shugabannin Church Society suka ga an wuce gona da iri. Aka sallami edita Peter Williams da kwamitinsa, Gerald Bray ya karɓi aikin, ya kuma riƙe shi sama da shekara talatin. Waɗanda aka sallama ba su naɗe hannu ba, suka kafa tasu mujallar, Anvil, a 1984.

A nan na sake yin tuntuɓe. Rubutuna na farko daga bakin Churchman kaɗai na ɗauko shi, sai ya fito kamar an kori ɓarayi daga gona. Baba ya mayar mini da shi, ya ce in nemo fitowar Anvil ta farko. Da na karanta, na tarar su ma 'yan bishara suke kiran kansu, Littafin nan ɗaya suke riƙe da shi. Ni dai har yau na fi karkata ga Bray, amma dole na sake babin, na bar kowa ya faɗi ta bakinsa.

Sauya sunan kuwa bai ba ni wahala ba. Editan lokacin, Peter Jensen, tsohon babban bishop na Sidni a Ostireliya, shi ne ya yi sakataren GAFCON, tafiyar 'yan Angilikan masu riƙe da koyarwar gargajiya da aka fara da taron Urushalima a 2008, wadda Babban Bishop Peter Akinola na Najeriya ya shugabanta. Yawancin masu zuwa sujada a cocin Angilikan yanzu a Afirka suke, mujallar ta bi masu karatunta ne.

Aikin mako uku ya ci wata biyar. Takardar sunayen nan ce Baba ya ce in manna a ƙarshen kundin bincikena, ita kuma masu jarrabawa suka fi yi mini tambaya a kai.